Ƙotar Bindiga a Birnin Kano: Tarihin Karyewarta da Gyaranta

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ranar hawan Salla ya san lokacin da 'yan bindigar Sarki suke sakin wuta, hayaƙi ya turnuƙe, dawaki su yi ta zabura. Yawancin 'yan kallo ƙarar ce take ɗauke musu hankali, kaɗan ne suke duban abin da yake hannun mai harbin. Wanda ya matsa kusa ya duba da kyau zai ga cewa kowace bindiga abu biyu ce aka haɗa, watau ƙarfe da itace. Zai kuma lura cewa itacen, wanda ake kira ƙota, sau da yawa yana ɗauke da tabo: wata ƙotar an naɗe wuyanta da fata, wata an ɗaure ta da waya, wata kuwa sabuwa ce fil aka sassaƙa wa tsohon ƙarfe.

Wannan lacca za ta bi tarihin wannan itace a cikin birnin Kano. Abin da take son ta tabbatar shi ne cewa shekaru aru-aru ƙarfen bindiga baƙo ne a Kano, daga nesa ake kawo shi, kuma abin da ya sa ya zauna ya daɗe yana aiki shi ne hannun masassaƙi da maƙeri da baduku waɗanda suke ɗora ƙota idan ta karye, su sake ta idan ta mutu. Saboda haka ƙota ita ce wurin da ake karanta rabon Kanawa a cikin tarihin bindiga, kuma duk sa'ad da aka cire tsohuwar ƙota aka jefar, to an yaga shafi guda na wannan tarihi.

Shaidar Harshe

Kafin a shiga littattafan tarihi, ya kamata a fara tambayar harshen Hausa kansa, domin kalmomi sukan riƙe abin da mutane suka manta. Kalmar bindiga asalinta Larabci ne, daga bunduƙiyya. Albarushi daga al-barud yake. Harsashi kuwa daga ar-rasas, wanda ma'anarsa ita ce dalma. Waɗannan kalmomi uku duk na aro ne, kuma suna nuna cewa Hausawa sun fara jin labarin wannan makami ta wajen arewa da gabas, daga bakin Larabawa da mutanen Barno.

To, amma da aka zo sanya wa sassan bindiga suna, sai Bahaushe ya koma cikin gidansa. Ƙarfen da ake ja da yatsa ya kira shi kunama, saboda ya yi kama da wutsiyarta a lanƙwashe. Inda harsashi yake fita ya ce baki. Dutsen da yake ba da wuta ya ce ƙanƙara, irin wadda ya riga ya sani a ƙyastu. Itacen da ake riƙewa kuwa ya ba shi sunan da yake kiran marikin fartanya da gatari da gizago, watau ƙota. Wannan suna na ƙarshe yana da muhimmanci ƙwarai. A wurin manomi ƙota abu ce mai ƙarewa. Ruwan fartanya ɗaya yakan cinye ƙota da yawa, kuma ba wanda yake jefar da fartanya don ƙotarta ta karye. Da Bahaushe ya kira itacen bindiga ƙota, ya riga ya shigar da bindiga cikin sahun kayan aikin da ake gyarawa a gida.

Shigowar Bindiga Kano

Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya fara ambaton bindiga a zamanin Sarki Dauda (1421 zuwa 1438), inda ya lissafa ta cikin kayan da Dagaci ya zo da su daga Barno. Masana tarihi da yawa suna ganin marubucin ya mayar da abin zamaninsa ne zuwa baya, domin a wannan lokaci bindigar hannu ba ta ko gama kankama a Turai ba. Abin da ya tabbata shi ne cewa a ƙarshen ƙarni na 16 bindiga ta iso maƙwabtan ƙasar Hausa ta fuska biyu. A gabas, Mai Idris Aloma na Barno ya samo 'yan bindiga Turkawa, kamar yadda limaminsa Ahmad ibn Fartuwa ya rubuta. A yamma kuwa, rundunar Maroko ta karya daular Sanwai da bindigogi a yaƙin Tondibi a 1591.

A Kano kanta sai a ƙarni na 18 labarin ya fito sarai. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Kumbari (1731 zuwa 1743) aka kawo garkuwoyi da bindigogi daga ƙasar Nufe. Ya kuma ce Babba Zaki (1768 zuwa 1776) shi ne sarkin da ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron lafiyarsa. Ambaton Nufe a nan yana nuna cewa hanya ta juya. Bindigar da sunanta ya zo daga arewa, jikinta ya koma zuwa daga kudu, daga jiragen Turawa da suke tsayawa a bakin teku.

Duk da haka ba ta yi yawa ba. Yaƙe-yaƙen jihadi da aka fara a 1804 da baka da kibiya da takobi da mashi aka yi su. Sa'ad da Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851, ya lura cewa bindigogin da suke shiga kasuwa kaɗan ne, ko da yake an fara kawo wasu masu araha na Amurkawa ta hanyar Nufe. Amma ya ƙiyasta cewa ruwan takubba kimanin 50,000 ake shigowa da su Kano kowace shekara, yawancinsu ƙirar Solingen ta ƙasar Jamus, kuma a Kano ake yi musu mariƙi da kube kafin a sake fita da su wasu ƙasashe. Wannan bayani na Barth yana haska batun ƙota. Birnin da ya saba karɓar tsiraren ƙarfe daga Turai ya tufatar da shi da itace da fata ya riga ya mallaki hannayen da za su kula da bindiga.

Bindigar Fatauci da Rauninta

Bindigar da ta fi yawa a Afirka ta Yamma ita ce doguwar nan mai ƙanƙara, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Turawa suna kiranta da sunan mutanen Denmak, waɗanda suka yi ciniki a sansaninsu na Christiansborg da ke Ankara har zuwa 1850, amma yawancinta a Birmingham ta Ingila da Liège ta Beljiyam aka ƙera. Masanin tarihi J. E. Inikori ya ƙiyasta cewa tsakanin 1750 da 1807 ana sauke bindigogi 283,000 zuwa 394,000 a gaɓar Afirka ta Yamma kowace shekara. Abin da ya iso Kano daga cikin wannan adadi ɗan kaɗan ne, domin sarakunan da ke kan hanya ba su son makami ya wuce su ya faɗa hannun na gaba. Abin da ya yi wuyar samu kuwa dole a yi tattalinsa.

An yi wannan bindiga ne don ta yi araha. Bindigogin manya a Turai da itacen walnat ake yi musu ƙota, saboda yana da ƙarfi, ba shi da nauyi ainun, kuma ba ya saurin tsagewa. Ta fatauci kuwa galibi da itacen bic ake yi mata, a shafe shi da launi. Ƙotar guda ɗaya ce tun daga gindin da ake dafawa a kafaɗa har kusa da baki. An fafe ta a sama don bututu ya kwanta, an huda ta a ƙasa don sandar ɗuri ta shiga, an kuma rarake gefenta don a dasa ƙarafan kunama. Daga bayan wannan rami sai ƙota ta sirance inda hannun dama yake kamawa. Wannan wuri shi ne wuyan ƙota, kuma a nan ne ta fi karyewa.

Abubuwa da dama ne suke taruwa a kan wannan wuya. Na farko shi ne shurin da bindiga take yi in an harba, wanda yake ƙaruwa idan mai ita ya cika mata albarushi fiye da kima, abin da maharba suka saba yi. Na biyu shi ne yanayin ƙasar Kano. Da damina itace yakan sha danshi ya kumbura, sa'an nan hunturu ya zo, danshin iska ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari da rana, itace ya tsotse. Ƙarfe ba ya bin itace a wannan kai da komowa, saboda haka kowace shekara ƙusoshi suna ƙara sakewa, tsaga tana ƙara buɗewa. Na uku shi ne gara, wadda ba ta raina bindigar da aka jingine a bangon ƙasa. Sai kuma faɗuwa daga kan doki ko jaki, da dukan dabbar da aka harba ba ta mutu ba. Bututu mai kyau yana iya shekara ɗari, ƙotar da aka zo da shi da ita kuwa da wuya ta kai rabin haka a wannan ƙasa ba a taɓa ta ba.

Masu Gyara

Ƙira tsohuwar sana'a ce a Kano. Labarin gargajiya ya ce wani maƙeri mai suna Kano ne ya zo daga Gaya neman tama ya zauna a gindin Dala, kuma binciken masu tonon ƙasa ya nuna ana narka ƙarfe a wurin tun wajen ƙarni na 7. Philip Jaggar, wanda ya yi nazarin maƙeran birni a farkon shekarun 1970, ya bayyana yadda suka kasu gida biyu, maƙeran baƙi masu aikin baƙin ƙarfe da maƙeran fari masu aikin azurfa da tagulla da makamantansu, da kuma yadda Sarkin Maƙera yake tara su idan fada tana da aiki. Kayan yaƙi suna cikin irin wannan aiki.

Amma gyaran ƙota ya fi ƙarfin mutum ɗaya, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. Maƙerin baƙi shi ne mai kwance bututu da kunama, ya ƙera sabuwar ƙusa ko zoben da yake riƙe bututu a jikin itace. Masassaƙi, wanda ya saba da turmi da akushi da allo da ƙwarangwal ɗin sirdi, shi ya san itace. Baduku shi ne mai fata. In bindigar ta babban mutum ce, maƙerin fari yakan sa hannu da adon tagulla. Dukan waɗannan sana'o'i suna da mazauni a cikin ganuwa, kuma kayansu suna haɗuwa a Kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya kafa. Sunayen unguwanni irin su Tudun Maƙera da Dukawa suna tuna wa mai wucewa da wannan tsari.

Ɗori da Sabuwar Ƙota

Idan ƙota ta tsage amma ba ta rabu biyu ba, ko ta karye a karkace ta yadda ɓangarorin suna iya hawa kan juna, to ana yi mata abin da maɗori yake yi wa ƙashi. A mayar da ɓangarorin mazauninsu, a huda, a soka turakun itace ko ƙusar ƙarfe su ratsa karayar, sa'an nan a ɗaure. Mafi ingancin ɗauri a da shi ne ɗanyar fata. Akan jiƙa ta har ta yi laushi, a naɗe wuyan ƙota da ita, a ɗinke, a ajiye a inuwa. Yayin da take bushewa sai ta tsuke ta matse itacen matsewar da hannu ba zai iya ba, ta kuma yi tauri kamar ƙaho. Wasu sukan yi amfani da wayar tagulla ko fallen ƙarfe a maimakon fata. Wannan dabara ba Hausawa kaɗai suka san ta ba, ana ganin irinta a tsofaffin bindigogin Sahara da na Habasha da na Indiyawan Amurka, duk inda bindiga ta yi nisa da masana'antar da ta ƙera ta. A kan wannan fata ne kuma maharbi yakan ɗinka layarsa.

Idan kuwa karayar ta yanke wuya a miƙe, ko gara ta cinye cikin itacen, to sai sabuwar ƙota. Aikin yana farawa ne daga zaɓen itace. Kirya tana da tauri amma ta cika nauyi, ta fi dacewa da taɓarya da gawayin maƙera. Marke ya yi suna wajen ƙotar fartanya. Maɗaci yana sassaƙuwa, yana kuma yin ja mai kyau in ya sha mai. Littattafan ilmin tsirrai na Afirka ta Yamma sun ambaci kanya da aduwa cikin itatuwan da ake yin ƙotar bindiga da su. Abin lura ne kuma cewa har yau Hausawa suna kiran bindigar gargajiya baushe, sunan da yake na wani itacen daji mai ƙarfi. Kowane itace aka zaɓa, sharuɗɗa biyu ne ba a ketare su. Dole ya bushe sarai, domin ɗanyen itace zai tsotse ya saki ƙarfe cikin hunturu ɗaya, kuma bushewar kututture mai kauri aikin shekaru ne, ba a fafe gora ranar tafiya. Dole kuma jijiyar itacen ta bi tsawon wuyan ƙota. In ta gitta shi, ƙotar za ta karye a inda ta farko ta karye.

Da gizago ake fitar da siffa, da kurfi ake fafe mazaunin bututu da na kunama, da magagari ake daidaitawa. Mafi wuyar aikin shi ne zaunar da ƙarfe a cikin itace. Masu wannan sana'a a ko'ina cikin duniya dabara ɗaya suke bi: a turara ƙarfen da hayaƙin fitila har ya yi baƙi, a danna shi a mazauninsa, a ɗaga, a kankare duk inda baƙin ya taɓa, a sake turarawa. Haka za a yi ta yi har ƙarfen ya zauna ko'ina daidai. Dalilin wannan wahala shi ne gindin bututu dole ya jingina da itace sosai, yadda shurin harbi zai bazu cikin ƙota duka. In aka bar rata, ƙusa ɗaya ce za ta ɗauki shurin, ta zama kamar tsinken da ake fasa itace da shi. Daga ƙarshe a shafe ƙota da mai don ta jure danshi.

Daga Basasa zuwa 1903

A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 bindiga ta ƙara daraja. Joseph Smaldone, a littafinsa na 1977 kan yaƙi a daular Sakkwato, ya nuna yadda sarakuna suka riƙa tara bindigogi suna danƙa su a hannun bayinsu, don kada hakimai su sami ƙarfin da zai sa su yi tawaye. A arewa da Kano, Sarkin Damagaram Tanimu ya tara bindigogi masu yawa har ana zuba igwa a Zinder. A gabas Rabe ya ci Barno a 1893 da rundunar 'yan bindiga. A Kano kuwa yaƙin Basasa tsakanin Tukurawa da Yusufawa, wanda ya ɓarke a 1893, ya ƙare da hawan Sarki Aliyu Babba, wanda ake yi wa laƙabi da Mai Sango. Sango wani ɗan mashi ne da ake ɗurawa a bakin bindiga a harba, asalinsa na maharban giwa. Irin wannan harbi yana bukatar albarushi mai yawa, ƙota kuwa ita take biyan kuɗinsa.

A daidai wannan lokaci ne ƙasashen Turai suka sa hannu a yarjejeniyar Brussels ta 1890, wadda ta hana sayar wa mutanen wani babban yanki na Afirka bindigogin zamani, ta bar musu masu ƙanƙara da albarushin fatauci. Kano tana cikin wannan yanki. Sakamakon haka ya bayyana ranar 3 ga Fabrairu 1903, sa'ad da Kanar Morland ya iso bakin ganuwa da igwa da bindigogi masu sarrafa kansu, alhali Sarki Alu yana kan hanyarsa ta dawowa daga Sakkwato. Aka fasa ta wajen Ƙofar Kabuga, birni ya faɗi a yini ɗaya. Gwanintar masu ɗori ta iya tsawaita ran tsohuwar bindiga, amma ba ta iya mayar da ita sabuwa ba. Daga wannan rana bindigar fada ta bar fagen fama ta koma ta alfarma, ana harba ta a hawan Salla da naɗin sarauta da ganin wata.

Zamanin Turawa da Bindiga Mai Karyawa

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna a wajen ganuwa. Ta wannan hanya wata irin bindiga ta shigo, watau ta harbin tsuntsaye da ƙananan namun daji, mai baki ɗaya ko biyu, wadda ake karyawa a tsakiya a sa mata harsashi na kwanso. Saheed Aderinto, a littafinsa na 2018 kan bindiga a Nijeriya ta zamanin mulkin mallaka, ya nuna yadda hukuma ta mayar da bindiga ma'aunin daraja: talaka da maharbi an bar musu ta ɗuri, mai karyawa kuwa sai sarakuna da attajirai da manyan ma'aikata suke samun izninta. Shi ya sa a gidaje da yawa na cikin birni irin wannan bindiga ta zama kayan gado.

Ƙotarta ta bambanta da ta dā. Gida biyu ce, babbar ƙota ta baya da ɗan guntun da yake ƙarƙashin bututu. Rauninta yana kan ƙota, inda itace ya zama 'yan siraran kunnuwa da suke rungume da ƙarfe. Mai bindiga yakan ɗura wa ƙarfe mai don gudun tsatsa, ya jingine ta baki sama, man ya gangaro ya jiƙe kan ƙota shekara da shekaru har itacen ya yi laushi ya fara tsagewa. Zaunar da irin wannan ƙarfe a sabon itace ya fi na bindigar ɗuri wuya nesa ba kusa ba, domin kuskure kaɗan yana iya taɓa ƙarafan ciki ya sa bindiga ta tashi da kanta. A wannan zamani ne kafinta mai zarto da manne na kanti ya fara karɓar aikin daga hannun masassaƙi. A wannan zamani ne kuma maƙera a sassa da yawa na Nijeriya suka fara yin bututu da famfon ruwa ko sandar sitiyarin mota, aka sami bindigar da ƙarfenta da itacenta duka na gida ne, wadda ake yi wa ba'a da suna harba-ka-ruga.

Dokar Bindigogi ta 1959 ta raba bindigogi kashi uku: waɗanda aka haramta, da na amfanin kai irin mai karyawa, da na ɗuri. Ta kuma shar'anta cewa ƙira da gyara sai da izinin hukumar 'yan sanda. Tun daga lokacin, kuma musamman bayan yaƙin basasar Nijeriya da yawaitar fashi da makami, mai gyaran bindiga ya zama abin zargi. Sana'ar da a da ake yi a fili a ƙarƙashin Sarkin Maƙera ta koma wadda mutum ba ya son a san shi da ita, kuma sana'ar da ake ɓoyewa da wuya ta sami magada.

A Ɗora ko a Sake?

Wanda ya gaji tsohuwar bindiga mai karyayyar ƙota yana fuskantar tambayar da tarihin nan ya ba da hanyar amsa ta. Abu na farko shi ne a duba ƙarfe kafin itace. A gindin bututu, sau da yawa a inda itace ya rufe, akwai hatimin gwaji. Gidan gwajin bindigogi na Birmingham an kafa shi a 1813, na Liège kuwa hatiminsa haruffa uku ne, ELG, a cikin da'ira mai siffar ƙwai. Waɗannan alamu suna faɗin inda aka ƙera bindiga da kusan zamaninta. Suna kuma gargaɗi, domin tsofaffin bindigogin Ingila da yawa an yi su ne don kwanso mai tsawon inci biyu da rabi, wasu ma don baƙin albarushi, harsashin yau kuwa ya fi tsawo ya fi ƙarfi. Sabuwar ƙota mai sheƙi a kan bututun da tsatsa ta ci tarko ce, tana sa mai ita ya amince da abin da zai iya fashewa a fuskarsa.

Idan bindigar ta aiki ce, mai lasisi, bututunta lafiyayye, kuma wuyanta ya yanke, to sabuwar ƙota a hannun mai izinin gyara ita ce daidai, haka magabata suka yi. Amma idan ta tarihi ce, ɗori ya fi, kuma mannen zamani da turakun ƙarfe na ciki suna iya riƙe karayar da a da sai an naɗe ta. In ma dole ta sa an sake, to a adana tsohuwar. Hatimin da ke kan bututu labarin Birmingham yake bayarwa. Irin itacen ƙota, da sawun gizago, da ɗinkin fata, da ramin da laya ta bari, su ne suke ba da labarin Kano, kuma babu wani littafi da ya rubuta shi.

Kammalawa

A watan Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya. 'Yan bindiga suna cikin abin da aka karrama, bindigoginsu kuwa ba za su ci gaba da tashi ba sai da mai kula da ƙotarsu. Itacen ma yana ƙaranci. Maɗobiya, alal misali, an sare ta an kai ƙasar Sin da yawan da ya sa aka shigar da ita ƙarƙashin yarjejeniyar kare tsirrai da dabbobi ta duniya a 2017, manyan maɗatai da kanya kuwa sai an yi nisa da birni ake samun na sassaƙa.

Akwai aiki a gaban jami'a da gidan tarihi na Gidan Makama da fada. Ya kamata a ƙidaya tsofaffin bindigogin da suka rage, a ɗauki hoton hatiminsu, a gane itacen kowace ƙota, a kuma zauna da dattawan maƙera da masassaƙa da 'yan bindiga a rubuta sunayen da suke kiran kowane sashe da kowane mataki na aiki, domin kalmomin sana'a sukan riga sana'ar mutuwa. Ya kamata kuma hukuma ta bambance mai ƙera makamin ɓarna da mai ɗora ƙotar bindigar Salla, ta ba na biyun izni a fili yadda zai iya koyar da ɗansa ba tare da tsoro ba. Tun zamanin Babba Zaki, fiye da shekara 250 ke nan, ana harba bindiga a gaban Sarkin Kano, kuma a duk tsawon wannan lokaci akwai wani a cikin lungunan birni da yake zaune da gizago yana gyara mata ƙota.